Ekstenshan ya ƙi shiga Chrome, mai gyara ya ce a kashe antibairos

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai. Rabin cinikina ta WhatsApp Web nake yin sa, a kan wata kwamfutar cinya da na saya gwanjo a unguwar Circle bara. Kwana uku ke nan ina fama da wani ekstenshan, wato ƙaramar manhaja da ake maƙala wa burauza irin Chrome, da ake tura saƙo da shi ga kwastomomi da yawa a lokaci guda. Ɗan ƙanwata ne ya turo mini fayil ɗin. In na ja shi cikin Chrome sai ya rubuta "CRX_REQUIRED_PROOF_MISSING". Na shiga Chrome Web Store in ɗauko wani irinsa, can ma ya ƙi shiga. Wani mai gyara ya ce in kawo sidi 50 ya kashe antibairos, ya kunna Developer mode, minti biyar an gama. Ga Salla ta matso, kaya sun iso, hankalina a tashe yake. Kwamfutar ce ta lalace ko kutse aka yi mini? In ba shi ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika zayyana bai nuna kwamfutar ta lalace ba. Amma kada ki ba shi, ko kyauta ya ce zai yi. Matsala biyu ce a hannunki, kin ɗaure su da igiya ɗaya: wanda ya ƙi shiga daga kantin Chrome, da fayil ɗin da yaron ya turo. Ta farko tana da gyara. Ta biyu kuwa burauzar ce take yi miki gadi.

Mu fara da ta kanti. Kwamfutocin gwanjo da ake kawo mini, yawanci laifin bai wuce tsufa ba. Ki rubuta chrome://version a wurin adireshi ki dubi lambar farko. In kin ga 109, to an zo wurin. Wannan ne Chrome na ƙarshe da aka yi wa Windows 7 da 8.1, tun Janairun 2023, kuma ba zai ƙara gaba ba ko kin kwana kina danna sabuntawa. Masu rubuta ekstenshan suna iya gindaya mafi ƙarancin lambar Chrome da abinsu zai hau, sai kanti ya ce bai dace da naki ba. Maganin shi ne a ɗora sabon Windows in injin zai iya ɗauka, ki kuma sani shi kansa Windows 10 wa'adin tallafinsa na gama-gari ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025.

In lambar sabuwa ce, dubi agogo da kwanan wata a kusurwar allo. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikin inji, yawanci CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe kwamfuta. In ya mutu, ga babban batirin ma ya gaji, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Burauza kuwa tana gwada takardar shaidar kowane shafi da agogonki, in ba su yi daidai ba ta ƙi yarda da shafin. Ki gyara lokacin, ki sa a canza batirin, kuɗinsa kaɗan ne.

Sauran ƙanana ne. Ba a saka ekstenshan a tagar sirri ta Incognito ko ta baƙo. In saukarwar tana yankewa, duba ko data ce ta ƙare ko faifai ya cika. Masu manhajar saukar da fayil irin IDM, wani lokaci ita ce take fizge fayil ɗin kafin Chrome ya karɓa, a dakatar da ita a sake gwadawa. In kuma saƙon ya ce ekstenshan ɗin ba a tallafa masa yanzu, tsohon tsari ne, Manifest V2, wanda Google ya fara kashewa a 2024 ya rufe shi a 2025. Da shi aka tafi da uBlock Origin na asali, mai toshe tallace-tallace, a Chrome, aka bar uBlock Origin Lite. Firefox bai rufe tsohon tsarin ba, don haka mai buƙatarsa ya koma can.

Akwai ɗaya da nake so ki duba da idon basira. Ki rubuta chrome://policy. Kwamfutar mutum ta kansa, a ƙa'ida shafin nan fayau yake ko kusa da haka. In kin ga layuka irin ExtensionInstallBlocklist ko ExtensionInstallForcelist, ko kuma Chrome yana cewa wata ƙungiya ce ke kula da shi, to ɗayan uku ne. Ko injin daga wani ofis ko makaranta ta Turai ya fito, mai sayarwa bai wanke shi ba. Ko antibairos ɗinki ne ya sa dokar. Ko kuma wata muguwar manhaja ce ta rubuta ta a rajistar Windows, inda injin ke ajiye saitunansa, don ta dasa nata ekstenshan ta hana a cire. A nan kaɗai zan ce tsoronki na kutse yana da tushe. Injin gwanjo da ya zo da irin wannan, ni ba na tsayawa tsince-tsince a rajista. Kwashe fayilolinki, a goge faifan, a ɗora Windows sabo fil.

Yanzu fayil ɗin ɗan ƙanwarki, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa.

Saƙon da kika gani ma'anarsa ɗaya ce: fayil ɗin ba ya ɗauke da hatimin kantin Chrome. Tun 2014 Chrome na Windows ya daina karɓar ekstenshan daga kowane lungu, saboda yadda manhajoji suke cusa wa mutane su ba da saninsu ba. Firefox ma tun 2016 ya wajabta hatimin Mozilla. Wato mai gadi ne ya tambayi baƙo takarda, baƙo ya kasa nunawa, aka hana shi shiga. Sai ga wani ya ce ki ba shi sidi 50 ya ɗaure mai gadin ya buɗe ƙofar baya. Wannan shi ake kira gyara yanzu a gari.

Wallahi Hajiya babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan magana ba. "Ai sai ka kunna Developer mode." Daga Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da gyara a Circle, har shagunan cikin unguwa, har bidiyoyin da yara ke kallo suna kwaikwayo, karatun ɗaya ne: in burauza ta ƙi, burauzar ce ke da matsala, a nemo dabarar tsallake ta. Developer mode an yi shi ne don wanda ya rubuta ekstenshan da hannunsa, yana so ya gwada abinsa kafin ya kai kanti. Ya san abin da ke ciki layi-layi. Ke fa? Ɗan ƙanwarki fa? Shi ma wani ne ya turo masa a wani zauren Telegram, wancan ma haka, har a ɓace ba a san uban abin ba. Shi mai gyaran ki tambaye shi ya buɗe fayil ɗin manifest.json ya karanta miki izinin da abin yake nema, ki ga yadda zai fara sosa ƙeya.

Mutane suna ɗaukar ekstenshan kamar ɗan kwalliya ne da ake maƙala wa burauza. A cikin shafin yake zaune tare da ke. In an ba shi izinin karantawa da sauya bayanai a duk shafuka, abin da idonki ya gani ya gani, abin da yatsanki ya buga ya ji. Za a ce miki ai WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya. Gaskiya ne, a kan hanya a kulle yake. Amma da saƙo ya iso allonki an riga an buɗe shi, kuma a nan ekstenshan yake tsaye. Lambobin kwastomominki, hirarku, hotunan rasit, hoton Ghana Card da wata ta turo miki, duk yana iya kwasa. Yana iya sauya rubutu a shafi, har lambar MoMo, ta karɓar kuɗi ta waya, da kika buga wa mai saye. Yana iya ɗauke kukis ɗin da ke shaida wa Facebook ko Gmail cewa kin riga kin shiga, ɓarawo ya shiga da su ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ba. Shi ya sa mutum zai zo yana rantsuwa bai ba kowa lambarsa ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Watanni kaɗan da suka wuce wani Alhaji mai sayar da kayan mota ya zo shagona da irin wannan. Wani yaro ya saka masa abin saukar da bidiyo ta wannan ƙofar bayan. Abin yana aiki kuwa, yana saukar da bidiyon, shi ya sa bai zargi komai ba. Sai da abokan cinikinsa suka fara kiran sa suna tambayar kayan da suka biya kuɗinsu ta shafinsa, alhali shi bai sa tallan komai ba. Na cire abin cikin minti biyu. Sunansa da ya ɓaci a kasuwa, wannan ba aikin sukundireba ba ne.

Shi kuma zancen kashe antibairos, daga fasassun manhajoji aka gado shi. An saba a ce "kashe Defender tukuna, ƙarya yake yi", wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, har maganar ta zama kamar bisimillar kowane aiki. Ekstenshan na gaskiya daga kanti ba ya buƙatar a kashe komai. Duk wanda ya ce sai an rufe idon mai gadi kafin kayansa su wuce, ya riga ya gaya miki irin kayan da ya ɗauko.

Kada kuma a ce na ce duk abin da ke kanti tsarkakakke ne. The Great Suspender sananne ne ƙwarai, mutane da yawa na amfani da shi, aka sayar da shi ga wani, a Fabrairun 2021 Google ya cire shi saboda an cusa masa mugun abu. A Disambar 2024 an yaudari ma'aikacin kamfanin tsaro na Cyberhaven, aka tura gurɓataccen ekstenshan ɗinsu ta kantin kansa. To in wanda ya bi ta ƙofar gaba, aka duba shi, yana iya zuwa da wuƙa a hammata, ina ga wanda ya hauro katanga? Bambancin shi ne na kanti akwai masu sa ido, ana gano shi, ana sanarwa, ana kashe shi. Na Telegram in ya cuce ki, wa za ki kama?

Su kuma 'yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah. Mace ta miƙo maka injin da abincin 'ya'yanta ke ciki, amana ce ta ba ka. Ka karɓi kuɗinta ka saka mata abin da kai kanka ba ka san cikinsa ba, don kawai ta ga alama ta fito a saman burauza ta ce ka iya aiki. In aka kwashe mata kwastomomi bayan wata biyu, ba za ta danganta shi da kai ba, za ta ce hassada ce ko asiri, ta tafi neman taimako inda ba a nan ciwon yake ba. Kai ka sani, Allah ya sani. "Ban sani ba, bari in bincika" ba ta rage wa mai sana'a komai. Ni ma nan akwai ranar da nake mayar wa mutum injinsa in ce wannan ya fi ƙarfina.

Sai abin da kike nema tun farko, tura saƙo ga mutane da yawa. Ko da ekstenshan ɗin ya shiga lafiya, dokokin WhatsApp sun hana tura saƙonni barkatai da inji, kuma suna rufe lamba a kan haka. Ki duba ki gani, a rufe miki lambar kasuwa ana saura kwana goma Salla. WhatsApp Business kyauta ne, yana da kundin kaya inda za ki jera atamfofinki da farashi, yana da jerin aikawa mai ɗaukar mutum 256 a kowane jeri. Sharaɗinsa shi ne saƙon yana isa ga wanda ya adana lambarki ne kawai, don haka duk wadda ta sayi ko yadi ɗaya ki ce ta adana. Ki haɗa da Status, wanda na san 'yan kasuwar Nima da Mamobi ba a koya musu shi.

In kuma kafin ki rubuto an riga an gwada saka fayil ɗin, ko kina shakka, yi wannan yau kafin ki kwanta. Buɗe chrome://extensions, cire duk abin da ba ki san ranar da kika saka shi ba, ki kashe Developer mode in a kunne yake. A wayarki shiga WhatsApp, wurin na'urorin da aka haɗa, ki fitar da kowace. Daga wayar, ba daga kwamfutar ba, ki canza kalmar sirrin Gmail da Facebook, ki zaɓi fita daga duk na'urori, don shi ne ke kashe kukis ɗin da aka sata. Ki tabbata antibairos a kunne yake, ki sa shi ya bincike injin duka. In kin ga alamar an taɓa kuɗi ko an yi magana da sunanki, kira kamfanin layinki nan take, sannan ki kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana a lamba 292.

Ki turo mini lambar da kika gani a chrome://version, da hoton abin da chrome://policy ya nuna, da ainihin rubutun da kanti ya yi lokacin da ya ƙi. Da waɗannan uku zan gaya miki ko batir za a canza ko Windows. Shi kuma ɗan ƙanwar taki, ki ce ya duba tasa kwamfutar, don da wuya a ce bai fara sakawa a can ba kafin ya turo miki.