Da gaske ne an sa wa ɓera ƙwaƙwalwar mutum?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji a rediyo wai a Amurka an sa wa ɓera ƙwaƙwalwar mutum. Zai yi tunani irin namu ke nan? Ɗana na fama da farfaɗiya, ko zai samu magani ta nan? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Labarin na da tushe, amma an ƙara masa gishiri. Ba a fasa kan kowa ba. Daga fata ake gutsuro ƙwayoyin halitta, a mayar da su ɗanyu yadda za su iya zama kowane sashe na jiki. Shinya Yamanaka na Japan ne ya gano dabarar, ta kai shi ga lambar Nobel a 2012. Da su ake renon ɗan curin ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gero.

Matsalar ita ce a cikin kwalba curin ba ya samun jini, don haka ba ya ƙosawa. Shi ya sa a 2022 Sergiu Pasca da abokan aikinsa na jami'ar Stanford suka dasa shi cikin ƙwaƙwalwar jinjirayen ɓeraye masu raunin garkuwar jiki. Jijiyoyin jinin ɓeran suka ratsa shi, ya girma har ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓari guda na ƙwaƙwalwar. In aka hura wa gashin bakin ɓeran iska, sai ƙwayoyin mutum su amsa. Wannan ya girgiza ni, har yau.

Tunani kuwa, a'a. Ƙwaƙwalwarmu na da ƙwayoyin jijiya kusan miliyar 86, tana kuma ɗaukar sama da shekara 20 kafin ta nuna. Ɓera da ƙyar yake kai shekara 3. Da aka gwada ɓerayen da aka yi wa dashen, ba su fi ƴan'uwansu basira ba. Inda nake jin tsoro shi ne ranar da za a ce a yi wa biri, wanda ya fi kusa da mu. Can dole a taka burki.

Amfanin aikin shi ne a ga cuta tana aiki cikin ƙwayoyin mai ita. Masu binciken sun fara da ciwon Timothy, wani ciwon gado da ba kasafai ake gani ba, mai haɗa ciwon zuciya da farfaɗiya, kuma a 2024 suka gwada masa magani a jikin ɓerayen. Bai iso ga ɗanki ba tukuna. Maganin da aka rubuta masa a asibiti, kada ki bari ya tsallake ko kwana ɗaya, domin yawancin masu farfaɗiya da shi suke daina faɗuwa.