Bidiyon ƙafa da lalle: zan iya karɓar kasona a kotu?

Wata mai sana'ar lalle a garin Bauchi ta rubuto cewa wani mai ɗaukar hoto ya shawo kanta suka riƙa yin gajerun bidiyo na ƙafafunta: ana zizara lalle, ana shafa mai, wani lokaci tana taka 'ya'yan itace. Babu fuska, babu tsiraici. Shi yake sayarwa a Telegram ga mutanen ƙasashen waje masu sha'awar irin wannan, bisa alkawarin raba kuɗin biyu. Wata huɗu ke nan bai ba ta ko sisi ba. Da ta matsa, sai ya ce bidiyon nasa ne, in ta yi wasa kuma zai tura wa yayanta. Tana so ta kai shi kotu ko Hisbah.

Malama, ban ga bidiyon ba, ban kuma ji ta bakinsa ba, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne ga wasiƙarki kaɗai.

Kin gina komai a kan cewa tunda ba a ga tsiraici ba, ba laifi. Ina tsoron ba haka alƙali zai kalli abin ba. Sashe na 202 na dokar laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ya haramta sayar da kayan batsa, kuma kotu kan duba don me aka yi abu da wa aka yi wa. Saƙonnin masu saye da ke cikin wayarsa su za su amsa wannan tambayar. Ga kuma dokar laifuka ta Shari'a da Bauchi ke aiki da ita kan Musulmi tun 2001, a mazhabar Malikiyya kuwa fuska da tafin hannu ne kawai aka cire daga al'aurar mace a gaban wanda ba muharraminta ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya ambaci tura batsa, da hukuncin da ya kai tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Ko bidiyon ƙafa ya shiga nan, ana iya jayayya, amma ba zan so a yi gwajin a kanki ba.

Daga nan matsalar kasonki ta taso. Kotu ba ta tilasta cika yarjejeniyar da aka ƙulla kan haramtaccen abu. Ranar da kika rantse cewa kuna raba ribar, kin ba da shaida a kan kanki ne, kuɗin kuma da wuya ki gan shi. Hisbah ma wayoyinku biyu za ta nema, ba tasa kaɗai ba.

Nawa ne ma kuɗin? Shafukan sayar da hotuna da bidiyo irin su OnlyFans suna cire kashi 20 cikin 100, suna kuma neman shaidar duk wanda ya fito a bidiyo. A Telegram ba a tambayar komai, ana biya da kuɗin kirifto ko katin kyauta, babu rasit. Lissafin duka yana hannunsa. Mai saye ɗaya kan sake sayar wa wasu, bidiyon ya yi arha, sai a fara neman wanda ya fi na jiya tsanani. Ke ce ke ɗauke da haɗarin suna da aure, shi ko hannunsa bai fito ba.

Maganar mallaka, yana da ɗan abin kamawa, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 takan ɗauki wanda ya shirya ɗaukar bidiyo a matsayin mai shi. Sai dai dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ba ki damar janye amincewarki, muddin za a iya gane ki. Murya, tabo a idon sawu, ko zanen lallen da ya yi daidai da na shafin sana'arki, duk suna iya isa.

Inda ya kwafsa shi ne barazanar. Tsoratar da mutum da ɓata masa suna don ya bar haƙƙinsa laifi ne a sashe na 396 na Penal Code, kuma mutumin da ya rubuta irin wannan da lambarsa bai yi tunani ba. Wannan ce sandar da ke hannunki, kuma a teburin sulhu ta fi amfani.

Ki daina ɗaukar sabo. Kada ki goge komai, ki ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki ajiye a wata wayar. Kada ki mayar masa da barazana. Lauya ya rubuta masa takardar janye amincewa, ya ba shi kwana 7 ko 14, a zauna a ofis. A goge bidiyon daga waya, katin ajiya da tashar Telegram a gaban shaidu, ya sa hannu cewa ba zai sake yaɗawa ba. Abin da ya riga ya fita waje, babu takardar da za ta dawo da shi. In kuɗin lauya ya yi nauyi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar Legal Aid suna taimakawa kyauta.

Idan akwai wata da ba ta kai shekara 18 ba a cikin waɗanda yake ɗauka, sulhu ya fita. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ne ke aiki, kuma lauyanki ya kai maganar ga 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, a ranar.