Amsar Gwaggo kan wankan jego

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce aikinki na gama makarantar jinya a Birnin Kudu a kan wankan jego ne: za ki ɗauki muryar mata a waya, ki kwafe a takarda, ki yi ta bita kina sa wa kowace magana alama, sannan ki tara masu kama da juna wuri guda. Kina kuma tambaya me ya sa har yau ba a daina wankan ba.

Sanyi ake gudu. Kwana 40 ake yi, safe da yamma, da ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa wa mai jego, a bi da kunun kanwa. Iyayenmu sun ce haihuwa na barin jiki ɗanye, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige. Likitocin Zariya kuwa tun shekarun 1970 suka danganta kanwar da zafin da ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. Na ga wadda zobenta ya ƙi fita, ana ta murna wai jego ya karɓe ta.

To ga inda nake jin miki. Kalmar sanyi ɗin nan, kada ki ƙirga ta ki ce ta fito sau kaza, ki zuba a kwando ɗaya. Akwai sanyin jego, akwai na ƙashi da tsofaffi irina ke kuka da shi, akwai kuma ciwon sanyi, wanda mace ba za ta fayyace ba sai ta sunkuyar da kai. Haka "da sauƙi". Ko mace na mutuwa za ta ce da sauƙi. Mai haihuwar fari kuwa, ko sunan ɗanta ba ta kamawa don alkunya, balle ta buɗe miki ciki. Ki rubuta inda ta yi shiru, da inda ta yi dariya, da wanda ke zaune a ɗakin. In uwar miji na bakin ƙofa, rabin amsar tata ce.

In kin gama tankaɗe da rairaya, ki ba wata abokiyar karatunki ta sa nata alamomin, ku gwada. Ki nemi yardar kowacce kafin ki kunna waya, sunanta kuma kada ya hau takarda.

Ki zo da hantsi, maza sun tafi gona. Farar rigar asibiti ki bar ta a makaranta, da atamfa za ki shigo.