Ban karanta ilimin halittu ba, zan iya digirin digirgir a kan DNA?

TAMBAYA: Malam, na gama digiri na biyu a kemistiri, aikina a kan sinadaran polima ne, wato sinadarai masu dogayen sarƙoƙi irin na roba. Na ga gurbin digirin digirgir a fannin ƙera kayayyaki da DNA, ya burge ni ƙwarai. Sai dai rabona da darasin ilimin halittu tun ajin farko na jami'a. In nema, ko ɓata lokaci ne? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ƙanwata, nemi abinki. Sunan DNA ne ya razana ki, amma masu wannan fanni ba ruwansu da zancen gado. A wurinsu DNA kayan gini ne: zare mai kaurin nanomita 2 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), mai ɗauke da sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffa, inda A ke kama T, G ke kama C. Wanda ya iya jera haruffan nan zai sa zaruruwan su haɗe kansu zuwa siffar da yake so.

Dubi ma waɗanda suka kafa fannin. Marigayi Nadrian Seeman na Jami'ar New York, da ya fitar da tunanin a 1982, masanin tsarin kiristal ne, kuma a 1991 shi da ɗalibinsa suka gina ɗan akwati mai fuska shida da DNA zalla. Paul Rothemund na jami'ar Caltech a Amurka daga ɓangaren kwamfuta ya fito. A 2006 ya ɗauki dogon zare na ƙwayar birus M13, mai haruffa sama da 7,000, ya naɗe shi da gajerun zaruruwa kusan 200 har ya fitar da fuska mai murmushi da faɗinta bai wuce nanomita 100 ba. Wannan salo ake kira origami na DNA, daga sunan fasahar naɗe takarda ta Japan. Chad Mirkin na Jami'ar Northwestern, da ya liƙa DNA a jikin ƙwayoyin zinare a 1996, ɗan kemistiri ne irinki.

Ga inda polimarki ke da daraja. Siffofin origami suna buƙatar magniziyam mai yawa kafin su tsaya, domin zaruruwan DNA duk caji ɗaya gare su, suna ture juna, magniziyam ne ke rage wannan turin. Da an zuba su cikin jini, inda magniziyam ya yi ƙaranci ga kuma sinadaran jiki masu daddatsa DNA, sai su wargaje. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka samo ita ce lulluɓe su da rigar polima, aikin da ɗakin binciken William Shih a Harvard ya yi fice a kai. Hanadi Sleiman ta Jami'ar McGill a Kanada ta daɗe tana haɗa DNA da polima, Dan Luo na Cornell kuwa tun 2006 ya yi wani abu mai danƙo da ke riƙe ruwa daga DNA. A ganina, ɗalibin da ya iya haɗa sinadari ya tace shi tsaf ya fi wahalar samu a irin waɗannan ɗakuna fiye da wanda ya haddace sassan tantanin halitta.

Kada hotunan mujallu su ruɗe ki dai. Yawancin ranakunki za su tafi wajen ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe, da zaman jiran na'urar hangen ƙananan abubuwa ta nuna miki ko abin ya naɗu. Ni na taɓa shafe makonni uku ina zargin tsarin da na zana, ashe ruwan magniziyam ne na auna ba daidai ba. Har yau kunya nake ji. Ki fara wasa da manhajar caDNAno tun yanzu, kyauta ce, da ita ake zana yawancin origami.

Batun kuɗi kuma, kada ki yarda ki biya wa kanki, sayen zaruruwan DNA kaɗai ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A Amurka sashen kemistiri ake nema, galibi a rufe karɓar takardu a watan Disamba, karatun ya ci shekara biyar zuwa shida, ana biyan ki alawus kina koyarwa ko bincike. A Turai gurbin yakan zo da aikinsa a yanke, shekara uku zuwa huɗu. Guraben shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai albashi ake biya, da sharaɗin ba ki zauna a ƙasar da gurbin yake fiye da wata 12 ba cikin shekara uku da suka wuce, kuma ana tallata su a shafin Euraxess. Idan gurbin na Birtaniya ne, ki tambaya ƙarara ko tallafin ya ɗauke kuɗin makaranta na baƙi, don ya ninka na 'yan ƙasa.

Kafin ki tura wa farfesan da ke da gurbin wasiƙa, ki karanta maƙalunsa biyu na baya-bayan nan, ki faɗa masa a layi uku wace polima kika haɗa da hannunki, da na'urar da kika gwada ta. Sannan ki lalubo wani tsohon ɗalibinsa ki tambaye shi shekara nawa ya yi kafin ya gama, da sau nawa yake ganin malamin a wata.