Jana'izar Roman Hill: ka je, ga yadda muka saba yi

Ɗana, saƙonka ya iske ni bayan sallar isha'i. Ka ce mahaifin abokin aikinka ya rasu, ranar Asabar za a kai gawarsa cocin St Peter da ke Roman Hill, kana so ka ji ko mutanen Zango na zuwa irin wannan, in suna zuwa ina suke tsayawa, kuma yaya aka yi cocin ya zo ya zauna a ƙofar gidanmu haka. To, ka je. Ni kaina na je ba sau ɗaya ba, kakanka ma ya je.

Sunan wurin ma daga cocin ya samo asali. A nan Kumasi in an ce Roman ana nufin 'yan Katolika, tudun da suka kafa mishan a kansa ya zama Roman Hill. Sai dai ba su same shi a ɓagas ba. Fada biyu 'yan Faransa, Auguste Moreau da Eugène Murat, su suka sauka Elmina a 1880. Murat bai cika wata uku ba ya mutu. Moreau ya tako har Kumasi a 1882, ya ga Asantehene Mensa Bonsu, sarkin Tonawa, wato Ashanti, ya koma ba tare da ya kafa komai ba. Sai da Turawan Ingila suka kama Prempeh na ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso a 1903, sannan 'yan mishan suka samu wurin zama. A daidai wannan zamanin ne Zangonmu ya cika ya batse da fatake masu goro da shanu da tsofaffin sojoji. Musulmi sun daɗe a garin nan, tun sarakunan da suna da malamai a fada, amma Zangon da ka buɗe ido ka gani da wannan cocin kusan sa'annin juna ne.

A 1932 aka ba Kumasi nata bishop, wani mutumin Holan mai suna Hubert Paulissen. Wanda mu muka fi sani shi ne Peter Kwasi Sarpong, ɗan ƙasa, Batone, da ya hau a 1970. Shi ya shigar da gangunan Tonawa da rawarsu cikin ibadar coci, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ji kiɗa kamar a Manhyia, fadar Asantehene. A watan Mayun 1980 Paparoma John Paul na biyu ya zo, shekara ɗari cif da saukar waɗancan fada biyu, ya gana da Asantehene na lokacin, Otumfuo Opoku Ware na biyu. Ina saurayi a lokacin, ban manta yadda garin ya cika ba. A 2004 aka ɗaga darajar cocin zuwa abin da suke kira basilika, girmamawa ce da Paparoma kan yi wa manyan majami'u.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne su wane ne ke shiga cocin nan. Ba Tonawa kaɗai ba ne. Can arewacin Ghana wasu fada sun shiga Navrongo a 1906, suka kai Jirapa a 1929, mutanen can da yawa suka zama 'yan Katolika. Da suka gangaro kudu neman aikin gonar koko da dako a kasuwa, ina suka sauka? Zango. Hausa muke yi da su, famfo ɗaya muke ɗiban ruwa. A gidan hayar da aka haifi mahaifiyarka akwai wani mutumin Jirapa, ɗakinsa na kallon namu. Ranar Lahadi da sassafe zai goge takalminsa a bakin ƙofa, ya sa farar riga, ya ɗauki carbinsa mai gicciye ya hau tudu. Da babbar sallah kakarka ba ta taɓa raba nama ta tsallake ɗakinsa ba. Shi kuwa in Kirsimeti ta zo, sai ya kawo kazarsa wa kakanka ya ce, "Baba, yanka mana, don yara su ci." Ya san abin da muke ci da abin da ba mu ci, bai taɓa sa mu jin kunya ba.

Ranar da kakanka ya rasu, mutumin nan yana cikin waɗanda suka riga kowa zuwa maƙabarta da cebur. Da aka tsaya sallar gawa ya ja gefe, ya cire hularsa, ya yi shiru har aka idar. Daga wurinsa na koyi yadda ake zuwa jana'izar wanda ba addininku ɗaya ba. Da tasa ta zo, muka rama masa.

Na san akwai malaman da ba su yarda a shiga cikin coci ba, ban kuma raina maganarsu ba. Amma ka tuna hadisin da aka wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ne ya ce ashe ba rai ba ne. Ka kuma tuna Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana gab da cika shekara ɗari. Ziyarar zumunci ya kai, ya fito da addininsa yadda ya shiga da shi.

Ga yadda za ka yi. Ka tambayi abokin naka kalar kayan da iyalin suka zaɓa, baƙi da ja ne ko kuwa fari, domin tsoho in ya kai shekaru sukan sa fari da baƙi. Kaftani mai duhu ya wadatar. In zuciyarka ta natsu ka shiga, ka zauna a layin baya. In sun tashi ka tashi, in sun durƙusa ka zauna abinka, ba wanda zai kalle ka. Can wajen ƙarshe za su yi layi zuwa gaba don karɓar abin da suke kira jibin Ubangiji. Wannan nasu ne su kaɗai, ko Kiristan da ba ɗan Katolika ba ba ya karɓa, kai dai ka zauna. In kuma ba ka natsu ba, ka tsaya a harabar waje har a fito, da yawa daga cikin dattawanmu haka suke yi.

Wurin zaman makoki shi ne bai kamata ka rasa ba. In ka isa ka gaisa da mutanen da ke zaune, ka faro daga hannun dama kana tafiya hagu, haka Tonawa ke yi. Ka kai gudummawarka, wadda suke kira nsawa, teburin masu rubutu, za su rubuta sunanka, wataƙila ma su faɗa a lasifika. In an miƙo giya ka ce ruwa ya ishe ka, sun saba da mu. Kada ka yi wa mamacin addu'ar da muke yi wa namu, ka ce wa ɗan nasa Allah ya ba shi haƙuri, ya raya abin da aka bari. Lokacin azahar in ya yi, ka gangaro Zango ka yi sallarka, ba nisa, sannan ka koma ka yi sallama da shi kafin ka tafi gida.

Ka biyo ta wurina ranar Juma'a bayan masallaci, zan ba ka ɗan abin da za ka haɗa da naka, ka ce daga kawunka ne. Ka gaishe min da mahaifiyarka.