Ku Tambaya Mu Amsa: Likita Mai Neman Ƙwarewa da Hutun Haihuwar Matarsa

Tambaya: Ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa a sashen tiyata na wani asibitin koyarwa na tarayya. Maiɗakina na da juna biyu wata shida. Wasu abokan aiki sun ce ina da hutu idan ta sauka, wasu kuma sun ce hutun na ma'aikatan ofis ne, ban da masu kwanan asibiti. Wanne ne daidai? (Wani likita, Zariya)

Amsa: Allah ya raba lafiya, Dakta. Kana da hutu. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a watan Satumba na 2021, ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, kuma ya fitar da takardar umarni a Nuwamba 2022. Kwana 14 ne na aiki, wato ba a lissafa Asabar da Lahadi. Idan ka fara ranar Litinin, sai Juma'ar mako na uku za ka koma, ka ga an yi suna an watse kana gida. Sharuɗɗansa biyu: ba ya wuce sau ɗaya a shekara biyu, kuma iyakarsa 'ya'ya huɗu. Mai mata biyu ya lura da na farkon, domin idan uwargida ta haihu bana, amarya ta haihu baɗi, ɗaya kaɗai zai ci wa wannan hutu. Ɗayar sai dai ya taɓa hutunsa na shekara.

Takardar neman hutun tana tafiya tare da shaidar ranar da ake sa ran haihuwa, wadda likitan awon ciki zai rubuta. Ka rubuta wa shugaban asibiti, ka bi da ita ta hannun shugaban sashenku, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Yi wannan tun cikin yana wata bakwai. A nan ne yawancin likitoci ke tuntuɓe: sai an haihu suke rubutawa, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har a yi arba'in. "Je ka kawai" da konsaltan, wato babban ƙwararren likitan sashe, zai faɗa maka a bakin ɗakin tiyata kyakkyawar magana ce, amma ba ta shiga fayil, ranar da aka nemi wanda ke bakin aiki ba a gan ka ba, kai za a tuhuma.

Inda gizo ke saƙar shi ne jadawalin kwanan aiki. Ana tsara shi wata-wata, kuma a sashen da masu horo ba su da yawa, cire mutum ɗaya na nufin saura su riƙa kwana kusan kullum. Ka sami babban rajistara, wato likitan da ya yi nisa a horon, mai tsara jadawalin kafin ya fitar da na watan. Ka nemi a tattara kwanakinka a farkon watan da ke gaba da haihuwar, a sarara maka mako biyu kafin ranar da mako biyu bayanta, domin jarirai kaɗan ne ke zuwa a ainihin ranar da aka rubuta. Duk musayar da ka yi da abokin aiki a rubuta ta a kan jadawalin da ke manne a ofishin sashe, ba a saƙon waya kaɗai ba.

Sai batun horon kansa. Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas da kwalejojin Afirka ta Yamma suna duba watannin da ka yi a kowane fanni da ayyukan da aka sa wa hannu a littafinka kafin su bari ka zauna jarrabawa. Mako uku ba ya girgiza zaman wata shida, amma yana iya cinye rabin gajeren zama na mako shida a wani sashe. Ka nemi mai kula da horo ya gusar da gajeren zaman gaba tun da wuri.

Wanda ke asibitin jiha, dokar jiharsa ce ke aiki a kansa. Legas ta ba da kwana 10 na aiki tun 2014. Dokar ƙwadago ta ƙasa kuwa ba ta ambaci hutun uba ba sam, saboda haka mai aiki a asibitin kuɗi ya koma ga takardar ɗaukarsa aiki.

Tambaya: Inshorar lafiyata ta NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, za ta biya kuɗin haihuwa da na jariri? (Wani likita, Sakkwato)

Amsa: Za ta biya, muddin sunan matar na cikin rajistarka. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Awon ciki da haihuwa suna ciki; a kan magani kana biyan kashi 10 cikin ɗari. Idan ta kai ga tiyata, asibiti zai nemi lambar amincewa daga kamfanin HMO ɗinku, wato kamfanin da ke kula da inshorarku, don haka ka ajiye lambar wayarsu a kusa.

Matsalar da ta fi yawa a wajenmu ita ce goyon ciki. An yi wa mace rajista a asibitin garin da mijinta ke aiki, sai ta tafi gidan iyayenta a wani gari don haihuwar fari, can kuma ba a san da katinta ba. Sauya asibiti yana ɗaukar lokaci kafin ya fito a jerin sunaye, saboda haka a nema tun ciki na ƙarami. Jariri yana ƙarƙashin katin uwarsa na mako 12 bayan haihuwa. Kafin wa'adin ya cika, karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ka sa a yi masa rajista, in ba haka ba daga aljihunka za ka riƙa biya.

Tambaya: Ni da maigidana duk muna horon ƙwarewa. Nawa ne nawa hutun? (Wata likita, Kano)

Amsa: A aikin tarayya ba ya gaza mako 16 da cikakken albashi, kuma bayan kin dawo kina da sassaucin awa biyu a rana na wata shida don shayarwa. Ki kai shaidar ranar haihuwa aƙalla wata biyu kafin lokacin, kuma ki tambayi ofishin ma'aikata yadda za a lissafa hutunki na shekara kafin ki ci shi, domin an saba haɗa shi cikin na haihuwa. Watannin da kika rasa a horo sai kin rama su, abin da kan iya tura jarrabawarki zuwa zama na gaba. Hutun maigidan daban yake, ba ya rage naki.