Da gaske ne jiha na biya wa sabon likita bashin karatu a Amurka?

Tambaya: Ƙanwata na dab da kammala horon ƙwarewa na aikin likita a Amurka, kuma bashin karatu ya yi mata katutu. An ce mata akwai jihohin da ke biyan bashin idan likita ya yarda ya zauna ya yi musu aiki. Da gaske ne? Ta shiga?

Amsa: Da gaske ne, Malam. Likita a can kan fito makaranta da bashin da ya kai kimanin dala 200,000, kuma yawancinsu kan ruga manyan birane, a bar asibitocin karkara fayau. Don toshe wannan giɓi ne ake cewa: zo ka zauna inda ake ƙarancin likitoci, mu rage maka nauyin.

Shirin gwamnatin tarayya, NHSC, yana biyan har dala 75,000 ga likitan kula da lafiya a matakin farko da ya yi shekara 2 cur a irin wannan yanki, kuma ba a cire harajin tarayya a kuɗin. Sai dai ɗan ƙasa kaɗai ake ɗauka. Jihohi ma na da nasu. Niyok na ba da har dala 120,000 a kan shekara 3. A baya Kalifoniya ta fi sakin hannu: shirinta na CalHealthCares ya riƙa ba da har dala 300,000 a kan shekara 5, daga harajin taba da masu zaɓe suka amince da shi a 2016, bisa sharaɗin cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na majinyatan likitan su kasance masu ƙaramin ƙarfi da ke kan inshorar jihar.

Abin da nake so ku tsaya a kansa shi ne tarar da ake ci idan aka karya yarjejeniya. A NHSC, wanda ya gudu kafin wa'adi zai mayar da kuɗin watannin da bai yi ba, a ɗora masa dala 7,500 a kan kowane wata da ya rage, ga kuɗin ruwa. Wanda ya tsere saura shekara guda, tarar kaɗai dala 90,000 ce, ta zarce abin da aka ba shi tun farko. Aure, rashin lafiyar iyaye ko saɓani da shugaban asibiti duk suna iya tasowa cikin shekara biyu, don haka kada ta rattaba hannu da ka.

Ta je garin da ƙafarta tukuna. Ta tambaya dare nawa za ta riƙa kwana a bakin aiki a mako, likita nawa za su raba zaman ko-ta-kwana, kuma me ya kori wanda ya riƙe kujerar kafin ita. In akwai yara, ta leƙa makarantarsu.

In ta ga wuri ne da za ta iya zama ko da ba kuɗin, ta shiga ba tare da ɗar-ɗar ba. In kuwa kuɗin ne kaɗai ke jan ta, gara ta duba shirin PSLF na 2007, wanda ke yafe ragowar bashin gwamnatin tarayya bayan biya 120 na wata-wata a asibitin gwamnati ko wanda ba na neman riba ba, kuma tana iya sauya jiha a tsakani.